Sabunta tsohon teburin katako da rini da fenti

Sabunta teburin katako sana'a ce ta kafintoci da masu fenti, inda ake kankare tsohon shafen da ke jikin teburi, a gyara katakon, a sake yi masa sabon shafe. A ƙananan teburan da ake ajiyewa gefen gado ko gefen kujera, an fi rina saman a bar jijiyar katakon a fili, ƙafafuwa da aljihun tebur kuma a yi musu fenti.

Rini da fenti

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Rinin katako yana shiga cikin ƙofofin itacen ya sauya masa launi, jijiyarsa ta ƙara fitowa, amma ba ya kare shi daga ruwa ko karce, sai an bi shi da man sheƙi. Fenti kuwa a sama yake zama, ya rufe komai, mai kyau da maras kyau. Dalilin haɗa su a teburi ɗaya ke nan: saman shi ido ke fara gani, ƙafafuwa su suka fi shan bugu da ƙusa da faci.

Katako mai daraja irin maɗaci ko maɗobiya bai kamata a lulluɓe shi duka da fenti ba. Asara ce, domin kyansa a jijiyarsa yake.

Binciken farko

Kafin a taɓa teburi ana duba ko katako ne zalla ko siririn ɓawon katako aka manna a kan allo mai arha. Irin wannan ɓawo kaurinsa kan gaza milimita 1, kuma injin gurza na iya huda shi nan take, ba kuwa gyara. Ana duba ramukan gara da ƙwari, a ɗaure ƙafar da ke rawa da gam.

Sai a gane irin tsohon shafen. Idan aka ɗiga sifirit a wani lungu shafen ya yi laushi, to shelak ne, wato ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa, wanda aka fi samu a Indiya da Tailan. Idan sai tina, wato ruwan tsinka fenti, ce ta narkar da shi, to shafen laka ne, wato man sheƙin da ake kira lacquer da Turanci. Wanda ya ƙi su biyun galibi man sheƙin poliyuretan ne, sinadarin da masanin sinadarai Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a Jamus a 1937.

Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma. Amurka ta haramta ta a fentin gida a 1978, kuma ƙurarta na lalata ƙwaƙwalwar yara, don haka ba a gurza irinsa a bushe, balle a tsakar gida inda yara ke wasa.

Gurza

Nan ne yawancin aikin yake, nan ne kuma masu gaggawa ke ɓata shi. Ana farawa da sanfefa mai kaushi, lamba 80 ko 100, a koma 120, a ƙare da 180 ko 220. Hannu yana bin jijiyar katako ne kullum. Karce ɗaya da ya gitta jijiya ba ya nunawa a kan farin katako, amma da an shafa rini sai ya fito baƙi ƙirin a tsakiyar teburin. Haka ma ɗigon gam da aka manta: rini ba ya kama shi, sai ya bar farin tabo. Gurzar da ta wuce kima ma tana toshe ƙofofin itacen, rinin ya kasa shiga.

Shafe

Ana shafa rini da tsumma ko burushi, a ba shi 'yan mintuna, a goge rarar. Wanda aka bari ya taru ba ya bushewa, danƙo yake yi. Itatuwa masu laushi irin fain (pine) suna shan rini dabbare-dabbare, shi ya sa ake fara musu da shafen shelak mai ruwa-ruwa.

Wajen fenti ana fara sa shafen farko, wato shafen share fage da fentin zai hau kansa. Maɗaci da itacen oak suna fitar da wani ruwa mai launi da ke ratsa farin fenti ya bar jan tabo, kuma shelak ne ke tare shi. Shafe biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri ƙarko. A ƙarshe saman teburin yana samun man sheƙi sau biyu ko uku, ana ɗan gurza shi da sanfefa mai laushi tsakanin kowane shafe.

Yanayi na da tasiri. Da damina shafe kan jima bai bushe ba, shafen laka kuma kan yi fari-fari saboda laima. Da hunturu yana saurin bushewa, sai dai ƙura na manne masa, don haka ake aikin a ɗaki mai iska bayan an yayyafa ruwa a ƙasa. Tsumman da ya jiƙe da rini mai mai, musamman man linsid da ake tatsa daga irin tsiron flax, kan ɗau zafi ya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi, saboda haka ana shanya shi a waje ko a tsoma shi cikin ruwa.