Tsiron Dawa da Tsiron Sha'ir a Masana'antar Malt

Tsiro shi ne hatsin da aka jiƙa har ya fara fitar da saiwa, sannan aka busar da shi kafin ya zama shuka. Masana'antu na kiransa malt. Da shi ake yin lemon malt irin su Maltina da Malta Guinness da ake rabawa a bukukuwan Kano. Da shi kuma ake yin giyar laga, wadda Musulunci ya haramta, Hisbah kuma ke kamawa tana fasawa a jihar da ta koma bin shari'a a 2000. Tukunyar farko ɗaya ce: a niƙa tsiro, a dama da ruwan zafi, a tace ruwa mai zaƙi, a tafasa shi da furen hops mai ɗaci. Daga nan hanya ke rabuwa. Ruwan laga ana zuba masa yis a sanyin digiri 8 zuwa 13, yis ya mayar da sukarin barasa. Na lemon malt ba a sa masa yis, sai dai a ƙara masa sukari da ƙonannen sukari mai ba da launi, da iskar gas.

Yadda dawa ta shigo

A Turai sha'ir ne tushen wannan sana'a. Dokar Baberiya ta 1516 a Jamus ta taƙaita kayan haɗin giya ga ruwa da sha'ir da hops. Da kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da giyar Star a Legas a 1949, da tsiron sha'ir na waje ya yi aiki, domin sha'ir amfanin ƙasar sanyi ne. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi, kamfanoni suka koma kan dawa da masara ala tilas. Daga baya an sassauta dokar, amma dawa ta riga ta samu gindin zama, tun da ba da dala ake sayenta ba. Kamfanoni sun fi son farafara da kaura, da iri irin su SK5912 na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, kuma kasuwar Dawanau na cikin wuraren da dillalai ke tara ta. Jar dawa mai duhun ɓawo ba ta cika shiga ba, saboda wasu nau'o'inta na barin bauri a baki.

Yin tsiro

Ana sheƙe dawar a fitar da tsakuwa da fasassun ƙwayoyi, a jiƙa ta kwana ɗaya zuwa biyu ana sauya ruwa ana barinta ta sha iska, sannan a baza ta ta tsira cikin kwana huɗu zuwa biyar. Dawa na son ɗumin digiri 25 zuwa 30, sha'ir kuwa 15 zuwa 18. Wannan ɗumi da laima su ne abin da funfuna ke nema, shi ya sa dawar da aka adana ba ta bushe sosai ba kan ɓata tulin gaba ɗaya da warin rumbu, wani lokaci har da guba. Saiwa da tohon dawa su ma suna ɗauke da sinadari mai guba, wanda manoma suka sani daga gyauron dawa da ke kashe dabba. Dole a murje su a cire bayan busarwa. Masu kunun zaƙi da ke yin tsiro a gida su ma ya kamata su kula da wannan.

Tsiron dawa ana busar da shi a hankali, wajen digiri 50, don kada ƙarfinsa na narkar da sitaci ya mutu. Na sha'ir yana jure digiri 80 a ƙarshe, kuma daga nan yake samun gardi mai kama da na burodi.

Inda aikin ke wuya

Sitacin sha'ir yana dahuwa a wajen digiri 60, daidai lokacin da sinadaran da ke cikin tsiron suke da ƙarfin narkar da shi ya zama sukari. Sitacin dawa sai an kai digiri 70 ko fiye, a wannan zafi kuwa wasu sinadaran sun riga sun mutu, ga shi dama dawa ba ta da su da yawa. Mafita biyu ce. Ko a tsame ruwan saman damun a ajiye gefe, a dafa kaurin, a huce shi, a mayar da ruwan. Ko kuma a dafa ɗanyar dawa a zuba mata sinadaran narkarwa na masana'anta. In an yi kuskure a nan, sitaci ya rage, abin sha ya fito da hazo-hazo.

Tacewa ma matsala ce. Ƙwayar sha'ir tana zuwa da ƙaiƙayinta a manne, shi ke kwanciya a gindin tukunya ya zama rariya. Dawa tana rabuwa da nata tun wajen sussuka, damunta sai ya toshe. Wannan ya sa kamfanoni suka koma na'urar matsa mai zanen tacewa.

Ɗanɗano

Abin da aka yi da sha'ir zalla ya fi cika baki, da gardi da kumfa mai daɗewa. Mai dawa da masara ya fi sauƙi a harshe, da ɗan tsami-tsami ko bauri a ƙarshe, kumfarsa kuma ta fi saurin kwanciya. A lemon malt sukari yana rufe yawancin bambancin, a laga kuwa ba abin da ke rufe shi. Wannan ba ƙarancin inganci ba ne, halin hatsi ne. Sunan waje a jikin kwalba ma ba shaidar cewa daga waje ta zo ba: giyar Heineken da ake sayarwa a Najeriya a cikin ƙasa ake yinta. Jerin kayan haɗi da adireshin masana'anta a jikin takardar su ne abin dubawa.

Wanda aka shigo da shi da gaske yana da tasa wahalar. Makonni yake yi a teku, ya jira a tashar Apapa, sannan ya bi mota kusan kilomita 1,000 zuwa Kano, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. Zafi yana hanzarta aikin 'yar iskar da ta rage a kwalba, ɗanɗano ya koma kamar na jiƙaƙƙen kwali. Hasken rana kuma yana shafar hops ya haifar da wari, abin da ya sa kwalba ruwan ƙasa ta fi kore ko fara kariya. Lemon malt cike yake da sukari, don haka ana gasa shi da zafi sosai bayan rufewa don a kashe ƙwayoyin cuta da yis. Gwangwanin da ya kumbura alama ce ƙwayoyin cuta ko yis sun tsira a ciki, kuma ba a shan sa.