Ceto kyauta ne ko lada? Waiwaye kan tsohuwar gardamar Kirista

Gardamar nan daga cikin Littafi Mai Tsarki ta taso. Bulus ya rubuta wa Afisawa cewa ta alheri aka cece su, ba don ayyukansu ba, kada wani ya yi fahariya. Yakubu kuwa ya ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Ga kuma misalin Yesu a Matiyu sura 20: mai gonar inabi ya biya wanda ya kama aiki tun sassafe dinari ɗaya, wanda ya zo da la'asar sakaliya shi ma dinari ɗaya. Duk wanda ya taɓa yin ƙodago ya san yadda na farkon ya ji.

A farkon ƙarni na 5 abin ya fito fili. Wani malami ɗan Birtaniya mai suna Pelagius, da ke zaune a Roma, ya ji addu'ar Agustin, bishop ɗin Hippo (Annaba ta Aljeriya a yau), inda yake roƙon Allah ya ba shi ikon yin abin da ya umarta. Pelagius ya ga wannan zai koya wa mutane lalaci, don a ganinsa Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Ba shirme ya faɗa ba, amma taron bishop-bishop na Kartaj (a Tunisiya ta yau) a 418 ya yi tir da koyarwarsa.

Bayan shekara dubu da ɗoriya, kuɗi ne ya sake tono maganar. Johann Tetzel, wani mai wa'azi na cocin Katolika, na yawo a Jamus yana sayar da takardun sassaucin horon zunubi, ana tara kuɗin gina majami'ar Bitrus a Roma. A 1517 Martin Luther, wani malamin addini Bajamushe, ya fitar da batutuwansa 95 na sukar wannan ciniki. Matsayinsa: ceto ta bangaskiya ne kaɗai. Har wasiƙar Yakubu ya taɓa kira wasiƙar ciyawa, wato marar nauyi. Majalisar Trent, babban taron shugabannin Katolika, ta mayar da martani a 1547: alheri ne mafari, amma ayyukan mai bi suna da lada.

Sai ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg, Katolika da tarayyar Lutheran (mabiya koyarwar Luther) ta duniya suka sa hannu cewa ceto ta alheri ne kaɗai, ayyuka nagari 'ya'yansa ne. Tarayyar nan ce a 2017 ta zaɓi Musa Panti Filibus, babban bishop na cocin Lutheran na Najeriya (LCCN) mai hedikwata a Numan, ya shugabance ta.