Kufan Yariko (Tell es-Sultan)

Tell es-Sultan wani tudu ne da ke gefen garin Yariko na yanzu, a Gaɓar Yammacin Kogin Jodan, kusa da idon ruwan Ain es-Sultan, kimanin mita 250 ƙasa da fuskar teku. Tudun ba halitta ba ne, kufai ne a kan kufai: duk lokacin da gidajen tubali suka rushe, waɗanda suka zo daga baya sukan baje ƙasar su sake gini a kanta, har wurin ya tashi.

Charles Warren ya fara tonon binciken kayan tarihi a wurin a 1868. Daga baya Ernst Sellin da Carl Watzinger suka yi aiki daga 1907 zuwa 1909, sannan John Garstang daga 1930 zuwa 1936. Garstang ya tarar da rusasshiyar ganuwa da alamun gobara, ya ce sun faru ne wajen shekara ta 1400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma danganta su da labarin faɗuwar ganuwar Yariko da ke babi na 6 na Littafin Joshuwa a cikin Baibul.

Kathleen Kenyon, wadda ta tona wurin daga 1952 zuwa 1958, ta bi ƙasar hawa-hawa, tana rubuta inda aka tsinci kowane tsingaro, domin fasalin tukunya yana sauyawa da zamani, shi ne kuma ma'aunin shekarun kowane hawa. Da wannan ta nuna cewa ganuwar da Garstang ya dogara da ita ta girmi lokacin da ya ambata da ƙarnuka masu yawa, kuma an ƙone birnin ne wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Bryant Wood ya yi jayayya da ita a 1990, yana goyon bayan lokacin da Garstang ya ambata, amma gwajin sinadarin kabon, mai auna shekarun abu, da aka yi wa ƙonannen hatsin wurin ya fi goyon bayan Kenyon, kuma a nan yawancin masana suka tsaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankali yana can ƙasan tudun: hasumiyar dutse mai tsawon mita 8.5, da matakala 22 a cikinta, wadda aka gina wajen shekara ta 8000 kafin haihuwar Annabi Isa, tun mutanen wurin ba su fara ginin tukwane ba. An kuma samu ƙoƙunan kan mutane da aka shafe da farar ƙasa aka fitar musu da fuska, aka sa bawon katantanwar ruwa a gurbin idanu.

A 1997 ayarin masana na Italiya da Falasɗinu ya ci gaba da aikin, kuma a 2023 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.