Waiwaye: Yadda Denmark ta soke dokar ɓatanci, sannan ta kafa wata

A ranar 30 ga Satumba, 2005, jaridar Jyllands-Posten ta ƙasar Denmark ta buga zane-zane 12 na ɓatanci ga Annabi Muhammad (SAW), ciki har da wanda aka sanya bam a cikin rawani. Editan sashen al'adu na jaridar, Flemming Rose, ya kafa hujja da cewa yana son ya gwada ko tsoron Musulmi ya sa masu zane sun fara kame hannunsu.

Da farko ta hanyar lalama Musulmi suka bi. A watan Oktoba jakadun ƙasashen Musulmi 11 suka nemi ganawa da Firaminista Anders Fogh Rasmussen, shi kuwa ya ƙi, yana mai cewa gwamnati ba ta da iko a kan abin da jarida ke bugawa. A ganina nan ne aka yi babban kuskure, domin sauraron wanda aka ɓata wa rai ba ya rage wa jarida 'yancinta ko da ƙwayar zarra. Kafin Fabrairun 2006 shaguna a ƙasashen Larabawa sun kwashe madara da man shanun kamfanin Arla na Denmark daga kantocinsu, sannan masu zanga-zanga suka cinna wa ofisoshin jakadancin Denmark wuta a Damaskas da Beirut.

Gobarar ta iso har gida. A ranar Asabar, 18 ga Fabrairu, 2006, zanga-zangar da aka shirya a Maiduguri ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka ƙona majami'u da shaguna, aka kashe Kiristoci, har da wani limamin Katolika, mutanen da ba su san hawa ba balle sauka. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kai harin ramuwar gayya a Onitsha, inda aka kashe 'yan Arewa masu neman na tuwo, aka ƙona masallatai. Wannan ɓangare na tarihin shi ne ya fi ci mini rai, domin waɗanda suka yi zanen suna can Turai, jinin da aka zubar kuwa na maƙwabta ne.

A lokacin Denmark tana da sashe na 140 na dokar manyan laifuka wanda ya haramta izgili ga addini, amma rabon da a hukunta wani da shi tun 1946, kuma babban mai gabatar da ƙara ya ƙi gurfanar da jaridar. A 2017, bayan an tuhumi wani mutum da ƙona Alƙur'ani tare da wallafa bidiyon a Facebook, majalisa ta soke sashen baki ɗaya, ƙarar ta mutu.

Shekara shida kacal hakan ya ɗore. A 2023 masu tsananin ƙyamar Musulunci irin su Rasmus Paludan suka riƙa ƙona Alƙur'ani a ƙofar masallatai da ofisoshin jakadanci a Denmark da Sweden, ƙasashen Musulmi suka yi ta kiran jakadun Denmark da na Sweden domin nuna fushinsu. A ranar 7 ga Disamba majalisar Denmark ta amince, da ƙuri'u 94 a kan 77, da dokar da ta tanadi tara ko ɗaurin da ka iya kai shekara biyu ga duk wanda ya wulaƙanta littafi mai tsarki a bainar jama'a. Gwamnati ta fito fili ta ce tsaron ƙasa ne dalilinta, kuma dokar ba ta shafi zane ko kalaman baki ba, ma'ana irin abin da Jyllands-Posten ta buga a 2005 har yau bai zama laifi a ƙarƙashinta ba.