Raguwar Ƙarfin Injin Taraktar Lambu Yayin Aiki

Raguwar ƙarfi yayin aiki matsala ce da ake yawan samu a ƙananan taraktocin lambu, irin waɗanda ake hawa a yanke ciyawa ko a ja ƙaramar tirela da su. Injin yakan tashi lafiya ƙalau, ya yi ta aiki muddin taraktar na tsaye, amma da zarar an kunna wuƙaƙen yanka, ko an shiga ciyawa mai kauri, ko an fara hawan tudu, sai muryarsa ta faɗi, ya riƙa shaƙewa, wani lokaci ya mutu. Galibin waɗannan injina na fetur ne, masu silinda ɗaya ko biyu, iska ce ke sanyaya su, kamar ƙirar Briggs & Stratton, Kohler da Kawasaki.

Dalilin da ya sa sai an ɗora masa nauyi take bayyana

Akwai wata na'ura a cikin injin da ake kira gwamna, aikinta riƙe gudunsa a wuri ɗaya, yawanci tsakanin juyi 3,200 zuwa 3,600 a minti. Idan babu nauyi, ƙofar totur, wadda mai da iska ke bi su shiga inji, ɗan buɗewa kaɗan take yi, don haka mai kaɗan da iska kaɗan sun wadatar. Nauyi na hawa sai gwamna ya wangale ƙofar, injin ya nemi mai da iska da wuta iya ƙarfinsu. Duk wata hanya da ta toshe rabi, a nan asirinta ke tonuwa. Shi ya sa gwada inji a tsaye ba ya tabbatar da lafiyarsa.

Injin ne ko ba shi ba ne?

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a saurari murya. Idan taraktar ta rage gudu ko wuƙaƙe sun daina yanka amma ƙarar injin ba ta sauya ba, laifin na bel ne da ke sulɓewa, ko na giya. Idan kuwa ƙarar ta faɗi, to ko injin ya raunana, ko wani abu na riƙe shi. A kashe, a cire wayar fulogi, a sauke bel, a juya kowace wuƙa da hannu. Boris da ya ci, busasshiyar ciyawa da ta daskare a ƙarƙashin kaskon yanka, da wuƙa mai dakushi, duk suna cinye ƙarfin inji mai lafiya.

Ƙarancin mai

Wannan shi ne kan gaba, kuma gwajinsa ba ya cin ko sisi. Lokacin da injin ya fara shaƙewa, a ja cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga inji, zuwa rabi. In ya farfaɗo, mai ne ba ya isa. Daga nan sai a bi hanyar man tun daga tanki.

Murfin tanki yana da ƙaramar kafa ta shan iska. Idan ta toshe, injin zai yi aiki na 'yan mintoci, sannan mai ya daina sauka saboda babu iskar da za ta maye gurbinsa. A sassauta murfin. In ƙarfi ya dawo, sai a sauya shi. Bayansa sai filtar mai, wadda a kan sanya sabuwa kowace shekara. A lura cewa filtar injin da ke da famfo ta fi matsatsun ƙofofi, in aka sa ta a injin da mai ke gangaro masa da kansa, ita ma za ta hana shi ƙoshi. Tsohon tiyo yakan ruɓe ta ciki ya riƙa sakin ɓarɓashin roba alhali wajensa garau. Shi kuma famfon mai, a yawancin waɗannan injina bugun iskar cikin inji ne ke motsa shi ta wani ɗan tiyo. Idan tiyon ya tsage, famfon ya zama hoto. A cire tiyon da ke shiga kafireta, a nufa shi cikin gwangwani, a murza makulli: mai ya riƙa fita da ƙarfi, bugu bayan bugu.

In mai na zuwa sosai, saura kafireta. Fetur da ya daɗe a ajiye, musamman mai haɗe da etanol, yana jan ruwa kuma yana barin danƙo a babban jet, wato ƙaramar kafar da mai ke bi idan totur ya buɗe. A kwance kofin ƙasa, a zubar da ruwa da datti, a wanke jet da maganin wanke kafireta, a hura iska. Kada a zura allura ko ƙusa. Kafar na ƙara faɗi ko da kaɗan, injin zai koma zuƙar mai har abada. A ƙasan kofin wasu kafiretocin akwai wani bawul na lantarki da ke datse mai idan an kashe inji. Ya kamata a ji ya yi ƙas idan an murɗa makulli. In ya maƙale rabi, alamarsa ɗaya da toshewar jet.

Iska da hayaƙi

Idan jan cok ya ƙara dagula lamarin, ga baƙin hayaƙi, ga fulogi ya yi baƙi da kunkunniya, mai ne ya yi yawa. A duba filtar iska: ta takarda a sauya ta bayan kimanin awa 100 na aiki, soson da ke lulluɓe ta kuma a wanke duk awa 25, ko ƙasa da haka a wuri mai ƙura. A tabbata cok na buɗewa gaba ɗaya. Salansa da ta toshe ita ma tana shaƙe inji.

Wuta

Tazarar bakin fulogi a yawancin waɗannan injina milimita 0.76 ce. Fulogi mai rauni yana iya ba da wuta a waje ya kasa a cikin silinda, inda matsi ya yi yawa, don haka sauya shi ya fi dogaro da kallonsa. Kwayil, wato abin da ke bai wa fulogi wuta, idan ya kusa mutuwa kuwa sai ya ɗau zafi yake yankewa, ya huce ya dawo.

Inji mai silinda biyu yana da yaudara: yana iya tashi da guda ɗaya, ba a gane ba sai an shiga aiki. A kashe shi, a cire wayar fulogi ɗaya a haɗa ta da jikin inji, a sake tayarwa, sannan a mayar da wayar a yi wa ɗayan haka. Ɓangaren da aka cire amma babu abin da ya sauya, shi ne matacce.

Zafi, bawul da gasket

Ciyawa da sheƙar ɓera sukan cika tsakanin fikafikan sanyaya silinda a ƙarƙashin murfin inji. Zafin da ke biyo baya yana ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke like kan silinda, yana sassauta mazaunin bawul ɗin da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya, har ya lanƙwasa sandar da ke tura shi. Gasket da ya ƙone a injin mai bawul a sama yakan zo da shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai.

Tazarar bawul tana sauyawa da daɗewar aiki. Ana auna ta bayan inji ya huce, kuma a injina da yawa tana tsakanin milimita 0.08 zuwa 0.18, amma adadin da ke littafin injin shi ne abin bi. Ma'aunin matsi na yau da kullum yana ruɗarwa a nan, domin galibin waɗannan injina na da na'urar rage matsi lokacin tayarwa. Makanikai sun fi son hura iska ta ramin fulogi, fistin na sama, bawul duka a rufe, su saurari inda take fita: kafireta na nufin bawul ɗin shiga, salansa bawul ɗin fita, bakin zuba baƙin mai kuma ringi ko gasket.

Gwamna

Shi ake yawan zargi, alhali ba kasafai yake da laifi ba. Hawa da saukar murya da ake jingina masa, galibi daga kafireta ne. Abin dubawa shi ne ko sifirinsa ya saki, da ko ƙofar totur na buɗewa duka idan nauyi ya hau. In ta buɗe amma injin bai ɗauka ba, gwamna ya yi nasa aikin. Ja masa sifirin don a ƙara gudu haɗari ne, domin wuce iyakar da kamfani ya sa yana iya karya sandar fistin ta fasa jikin inji.