Ajiye Janareta a Kashe Ba Ya Ƙara Masa Kwana

Da yawa daga masu motocin nan da ke da ɗakin kwana da kicin a ciki, waɗanda suka yawaita a Amurka, sun daɗe suna ganin cewa idan aka rage kunna janaretan motar, zai fi daɗewa. Wannan kuskure ne, domin zaman banza ya fi aiki lalata shi.

Fetur da ya yi watanni a kwance yana rasa sassansa masu saurin kama wuta, sauran kuma ya zama danƙo ya toshe ƙananan hanyoyin kafireta. Yawancin fetur ɗin Amurka yana ɗauke da itanol (wani nau'in barasa da ake haɗawa da fetur) har kashi 10 cikin 100, wanda ke jawo danshi, ya haifar da tsatsa. Shi ya sa kamfanin Cummins, mai ƙera janareta Onan, ya ba da shawarar a kunna shi awa 2 kowane wata, yana ɗauke da kusan rabin lodin da zai iya ja. Kunnawa ta minti 5 babu lodi ba ta wadatar ba, domin injin bai yi zafin da zai kori danshi ba.

Idan motar za ta daɗe a ajiye, a zuba maganin hana fetur lalacewa a tanki, sannan a kunna janaretan har maganin ya kai kafireta.