Sanyin kan dutse ba ya jiran ƙanƙara

An daɗe ana cewa sanyi ba ya halaka mutum sai a ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, don haka mai hawan dutse a wajenmu riga ɗaya ta ishe shi. Ba abin mamaki ba ne a yarda da hakan, tunda zafi muka fi sani.

Amma duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5. Chappal Waddi da ke jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya, ya kai mita 2,419. Mutum zai taso daga gindin dutse yana gumi, kafin la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da iska.

Jiƙewar nan ita ce abin tsoro. Ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, rigar auduga kuwa in ta jiƙe ba ta saurin bushewa. Ɗumin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Da ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, ko da babu ƙanƙara ko ɗaya. Sai karkarwa, yatsu su kasa ɗaure igiyar tanti, magana ta riƙa harɗewa. Wanda ya kai haka a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a shimfiɗa masa wani abu kada ya kwanta a ƙasa.

Gwada da kanka: jiƙa hannu ɗaya, ka miƙa duka biyun gaban fanka. Haka randa ke sanyaya ruwa.

Don Allah a tura wa masu shirin hawan dutse, musamman da damina.